Yadda Allurar Heparin Ta Koma Fatar Ciki

A 1916, ɗalibin likitanci Jay McLean yana bincike kan hantar kare a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, aikin da ya kai ga gano heparin, maganin hana jini daskarewa. Sai a shekarun 1930 aka tace shi a Toronto, har ya dace da jikin mutum.

Da farko ta jijiya aka fi ba da shi. A 1975, gwajin da Vijay Kakkar ya jagoranta daga Landan, kan majinyata sama da 4,000, ya nuna 'yar allura ƙarƙashin fata tana rage mace-macen gudan jini bayan tiyata.

Nan aikin ya koma hannun nas-nas: a tattaro fatar ciki da yatsu biyu, nesa da cibiya da santimita 5, a tsira allurar, a tura maganin a hankali, a riƙa sauya wuri. Kada a murza, domin murzawa na tara jini.