Motsa Jiki Mai Ɗorewa da Lafiyar Jijiyoyin Jini: Bitar Hujjoji Bisa Yanayin Masarautar Gumel

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin abin da doguwar tafiya, gudu da tuƙa keke suke yi wa jijiyoyin da ke raba jini daga zuciya zuwa sassan jiki. An dogara da binciken da aka wallafa daga 1953 zuwa 2021, aka auna shi da yanayin rayuwa a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Matsayar maƙalar ita ce aikin ƙarfi cikin rana ba lallai ne ya tsaya a madadin motsa jiki mai ɗorewa ba.

Gabatarwa

In ma'aikacin lafiya ya ce wa manomi ya riƙa motsa jiki, amsar a bakinsa take: wanda ya yini yana noma, wane motsa jiki kuma ya rage masa? Tambayar ba ta raini ba ce, kuma kimiyya ba ta gama da ita ba. Tun 1953 Jeremy Morris ya nuna cewa kwandastocin bas masu hawa biyu a Landan, waɗanda ke yini hawa da sauka, sun fi direbobin da ke zaune tsira daga ciwon zuciya. Abin da ya rage shi ne gane ta wace hanya.

Abin da ke faruwa cikin jijiya

Zuciyar baligi tana tura kimanin lita 5 na jini a minti ɗaya yayin hutu. In ya shiga gudu takan kai lita 20 zuwa 25, kuma kusan kashi 80 cikin 100 yakan tafi ga tsokokin da ke aiki. Wannan jini yana gogar siririyar shimfiɗar da ke cikin jijiya, wato endoteliyam, ita kuma sai ta saki sinadarin naitirik oksaid, wanda ke sa bangon jijiya ya saki, hanya ta buɗe. Furchgott da Zawadzki ne suka gano rawar wannan shimfiɗa a 1980, aikin da ya kai ga kyautar Nobel ta 1998. Buɗewar ba sai ta yi yawa ba. Bisa ƙa'idar Poiseuille, in faɗin jijiya ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, jinin da ke wucewa yakan ƙaru da kusan kashi 46.

Sauyin da atisaye ke kawowa matakai biyu ne. Tinken da abokansa sun nuna a 2008 cewa a makonnin farko aikin shimfiɗar ne ke inganta, daga bisani ita kanta jijiyar ta ƙara girma. Da aka duba gawar Clarence DeMar, wanda ya lashe gudun famfalaƙin Boston sau bakwai, rahoton 1961 ya ce jijiyoyin zuciyarsa sun ninka na sauran mutane sau biyu zuwa uku a faɗi. Ba kuma sai zakara ba: Tanaka da abokansa sun samu a 2000 cewa wata uku na atisaye, akasari tafiya, ya maido wa jijiyar wuya laushinta a jikin magidantan da ba sa motsa jiki. Taƙaitawar Cornelissen da Smart ta 2013 ta ce masu hawan jini da ke motsa jiki mai ɗorewa kan sami raguwar kimanin maki 8 a lambar sama ta awon jini, da 5 a ta ƙasa.

Tattaunawa

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ana ganin nau'in aiki biyu kafaɗa da kafaɗa. Mai koro shanu ya taho a ƙasa tun asuba, taki ɗaya, numfashi a daidaice. Bincike na 1998 ya nuna tafiya cikin yashi tana cin ƙarfi fiye da ninki biyu na tafiya a kan tsandauri, ƙasar nan kuwa jigawa ce. Irin wannan tafiya ce ke kawo ainihin gogayyar da jijiya ke so. A gefensa ɗan dako ya sunkuya, ya riƙe numfashi, ya cicciɓi buhun riɗi zuwa kan mota. Tsokar da ta ƙame haka matse jijiyoyin da ke cikinta take yi, kamar wanda ya taka tiyo, sai bugun jini ya haura alhali gudunsa ya ragu. Jan guga daga rijiya mai zurfi ma haka yake.

Holtermann da abokansa sun bi mutum fiye da 100,000 a Kofanhegan, suka ruwaito a 2021 cewa motsa jikin lokacin hutu na rage haɗarin ciwon zuciya, yawan aikin ƙarfi a wurin sana'a kuwa na tafe da ƙarin haɗari. Sai dai kada a yi saurin ɗora wannan a kan manomin Gagarawa. Binciken 2017 kan 'yan Tsimane na Bolibiya, masu noma da farauta, ya iske kusan kashi 85 cikin 100 ba su da alamar ƙanƙarewar jijiyoyin zuciya. A ganin mai wannan rubutu, abin dubawa shi ne irin aikin, tsawonsa, da hutun da ke biyo bayansa.

Ga kuma zafi. A Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, fata kuma na iya janye lita 7 zuwa 8 na jini a minti don sanyaya jiki, gumi na rage ruwan jinin. Zuciya sai ta ƙara gudu a kan aiki iri ɗaya. Saboda haka minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2020 sun fi dacewa da bayan asuba ko la'asar sakaliya, musamman ga ɗan acaɓa, tela da malamin ofis, waɗanda babur ya raba da keke da tafiyar ƙasa.

Ana kira ga Babban Asibitin Gumel da Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel su haɗa hannu su auna bugun jinin masu koro dabbobi, 'yan dako da 'yan acaɓa, da rani da damina, a kwatanta. Na'urar awon hawan jini da littafin rajista sun isa a fara.