Filtar Baƙin Mai: Sunaye Barkatai, Masu Su Ƙalilan

Sunan da ke jikin filta ba kullum yake nuna mai ita ba. Kamfanin Mann+Hummel na Jamus, mai Mann-Filter, ya mallaki Purolator gaba ɗaya a 2013, ya kuma sayi Wix a 2016. Fram kuwa ta kasance a hannun First Brands na Amurka, wanda bashi ya durƙusar a Satumbar 2025.

Inganci a ciki yake: takardar da ke tace datti, da robar da ke hana mai tsiyayewa idan an kashe inji. Nan masu jabu ke yin ha'inci, domin fenti da kwali ba su da wuyar kwaikwayo. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, filta mai tambarin Toyota ba ta wuyar samu, sai dai tambari kaɗai ba ya tabbatar da asali.