Ɓatan Matafiya a Daji da Tsaron Hanya a Ƙasar Sakkwato

A ƙarni na 19, duk wanda ya taso daga Kano ko Katsina ya nufi Sakkwato, ba abin da yake tsoro kamar Dajin Gundumi. Daji ne mai duhu da ƙaya a gabas da Sakkwato, babu gari a cikinsa, ruwa kuma sai a wasu rijiyoyi ƙalilan da ba kowa ya san inda suke ba. Abin da ya mai da shi kufai shi ne yaƙin da ba ya ƙarewa tsakanin Daular Usmaniyya da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi, domin kuwa ba manomin da zai kafa bukka a inda mahara ke ratsawa kowace shekara. Saboda haka matafiyi yana tsakanin abokan gaba biyu: in ya tsaya ya huta mahara su cim masa, in ya yi sauri ya rabu da ayari ƙishirwa ta kashe shi.

Baturen nan Kyaftin Hugh Clapperton ya ratsa dajin a watan Maris na 1824, bisa rakiyar mahayan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aika su tarye shi. Da zai koma a watan Mayu na wannan shekara, watau lokacin da zafin bazara ya kai maƙura, sai ayarin ya kuskure hanya. Masu dawaki sun kai ga ruwa da kyar, amma daga cikin masu tafiya a ƙasa mutane da dama sun faɗi, ba su sake tashi ba. Ba a kai musu hari ba, ba kuma cuta ce ta kama su ba. Kuskuren 'yan sa'o'i ne kurum a wajen gane turba.

Labarin Dokta Heinrich Barth, Bajamushen da mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim, ya fi bayyana yadda ake ceto, gama shi ya ɗanɗani abin ta fuska biyu. Tun kafin ya iso ƙasar Hausa, ranar 15 ga Yuli 1850, ya bar zangon abokan tafiyarsa kusa da Ghat, a ƙasar Libiya ta yau, ya tafi shi kaɗai don ya hau dutsen Idinen, wanda Buzayen wurin suke cewa fadar aljannu ce, suka kuma ƙi raka shi. Ruwan da ya ɗauka ya ƙare, ya kasa gane hanyar komawa, ya kwana a ƙarƙashin wata itaciya marar ganye, har ta kai shi ga tsaga jijiyar hannunsa ya tsotsi jininsa. Abokansa sun hura wuta, sun harba bindiga, duk bai iya kaiwa gare su ba. Wanda ya same shi kashegari wani Buzu ne a kan raƙumi, wanda ya bi sawunsa a ƙasa taki bayan taki. Abubuwa biyu suka cece shi: an san daidai lokacin da ya bar zango da inda ya dosa, sa'an nan akwai mutumin da ya iya karanta sawu.

A ƙarshen watan Maris na 1853 Barth ya shiga Gundumi tare da babban ayari. Sun yi tafiyar sa'a 26 ba tare da yada zango ba. Da suka kusa fita sai suka haɗu da mahaya ɗauke da salkunan ruwa, waɗanda aka aiko daga sansanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu, musamman don su bi baya su kwaso waɗanda gajiya ta kayar. Wannan ɗan ƙaramin bayani ya cancanci a tsaya a kansa. Ba wanda ya zo ya kai kukan cewa wani ya ɓata. Hukuma ta riga ta san ranar da ayari zai shiga daji, ta san tsawon tafiyar, ta kuma san cewa a kowace irin wannan tafiya sai an bar wasu a baya, saboda haka ta fitar da masu nema tun kafin a nemi taimakonta. Galibin hukumomin agaji na zamanin yau ba su kai ga wannan matsayi ba.

Su ma fatake suna da nasu tsari. Ayarin goro da ke zuwa Salaga a ƙasar Gwanja yakan yi watanni a hanya, yana ƙarƙashin madugu, wanda alhakin rai da dukiyar kowa ke wuyansa. Jagaba yana gaba, shi ya san mararraba da mashaya da mafitar kogi. Ba a tashi sai tare, ba a sauka sai a zangon da aka sani, a zango kuma kowane maigida ya san yawan yaransa da jakunansa, don haka ba a kwana ba a gane an rasa mutum ba. Amma fa kada a ƙawata abin fiye da kima. Ayari mai mutum ɗaruruwa ba ya tsayawa a tsakiyar daji saboda ɗan dako guda, kuma waɗanda aka fi bari a baya su ne bayi da mata da marasa abin hawa.

Maganin da Muhammadu Bello ya fi dogara da shi ya wuce rakiya da salka. A cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafta gina garuruwa da kula da kasuwanni da hanyoyi cikin wajiban mai mulki. A aikace kuwa ya bi siyasar ribaɗi, watau kafa garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da jama'a su yi noma su yi tsaro, shi kansa ya zauna a Wurno. A nan ne kudancin Sakkwato ya bambanta da gabashinta. Tambuwal, mai nisan kimanin mil 60 daga Sakkwato, ribaɗi ce da aka danƙa wa Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, tana tsare hanyar kudu daga hare-haren Kabawa. Gaba da ita Jega ta bunƙasa a hannun Buhari ɗan Abdussalami har ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin daular. Kebbe kuwa, wadda bai kamata a rikita ta da ƙasar Kabi ko Jihar Kebbi ba, tana yankin gulbin Zamfara tsakanin Gummi da Jega, inda ruwa da fadama suka tara mutane. Wanda ya bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal zuwa Jega yana fita daga wannan gari ya kwana a wancan. In ya ɓata, akwai manomi ko makiyayi da ya gan shi da hantsi, akwai kuma hakimin da za a tambaya.

Ko wannan hanya ba ta rabu da haɗari ba, musamman bayan da Yakubu Nabame ya ta da tutar Kabawa a 1849, Argungu ta koma barazana ga duk mai tafiya tsakanin Sakkwato da Gwandu. Sai dai haɗarin mahara ne, ba na ƙishirwa da ɓacewa ba. Ganuwa da rijiya da kasuwa sun rage tazarar da mutum zai yi ba wanda ya gan shi, wannan tazara kuwa ita ce ma'aunin tsaron kowace hanya.

Zuwan mota ya sa mutane suka ɗauka an gama da wannan matsala, alhali kuwa wuri ta sake. Mota tana kai mutum cikin sa'a uku inda ƙafa ba za ta iya dawo da shi cikin kwana uku ba. A hamadar Tenere ta Nijar, inda alamar hanya ta yi ƙaranci har itaciya guda ta shiga taswira, wani direba ya banke wannan itaciya a 1973, aka kai gangar jikinta gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. A watan Janairu na 1982, da Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Ingila, ya ɓata a Sahara wajen tseren motocin Faris zuwa Dakar, jiragen sama suka fita nema, aka same shi da rai bayan kwana 6. A ƙarshen watan Oktoba na 2013 kuwa, an tsinci gawar mutum 92 a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7, galibinsu talakawa daga kudancin Nijar, da yawa daga yankin Kance. Motocinsu biyu ne suka lalace. Da yake tafiyar a ɓoye aka yi ta, ba zangon da ke sa ran isowarsu, ba kuma wanda ya fito da salka. Dokar hana safarar baƙin haure da Nijar ta kafa a 2015 ta sa direbobi suka riƙa kauce wa sanannun rijiyoyi don gudun jami'an tsaro, suna bin turbobin da mai nema ba zai bi ba, har aka soke dokar a watan Nuwamba na 2023.

A ƙasar Sakkwato kanta, abin da ya mai da Gundumi kufai a ƙarni na 19 ya dawo da sabon suna. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun mai da dajin maɓoya, dazuzzukan kudu ma, wajen Kebbe, ba su tsira ba. Duk ƙauyen da ya watse, an rasa rijiya guda da idanun da ke ganin mai wucewa. Bugu da ƙari, tun da aka cire Jihar Kebbi a 1991 da Jihar Zamfara a 1996, Kebbe ta zama tana kan kusurwar jihohi uku, ta yadda mutumin da ya bar Tambuwal da safe zai iya ɓacewa da azahar a dajin da ke hannun wata gwamnati, danginsa kuma su kai rahoto ga wata dabam. Mahayan Gawasu umarnin mutum ɗaya suka jira kafin su ɗaura salka su shiga daji.