Daga jakin Davies zuwa ɗan makaranta: yadda shari'a ta koyi raba laifi

A shekarar 1809, a garin Derby na Ingila, wani mai suna Forrester yana gyaran gidansa, sai ya gitta itace a kan hanya. Da almuru Butterfield ya sako doki da gudu, ya yi karo da itacen, ya ji rauni. Da ya kai ƙara, alƙalai suka ce da ya tafi a hankali da ya hango itacen, don haka ba ya da ko dala. Hukuncin ya zama ƙa'ida: wanda aka samu da ko ƙwayar sakaci, diyyarsa ta faɗi baki ɗaya.

Ƙa'idar ta yi tsauri, sai alƙalai suka fara neman mafita. A 1842 Davies ya dabaibaye jakinsa ya bar shi a hanya, amalanken dawakin Mann ya take shi ya mutu. Kotu ta ce direban amalanken ne ke da damar ƙarshe ta kaucewa, sai Mann ya biya duka. Har yanzu dai mutum ɗaya ke ɗaukar kayan mutum biyu.

Sai a 1945 majalisar Birtaniya ta ba alƙali ikon rage diyya gwargwadon laifin mai ƙara. A 1975, a shari'ar Froom da Butcher, aka tsayar da ma'auni: wanda bai ɗaura bel ɗin mota ba, a rage masa kashi 25 cikin 100 idan bel ɗin zai hana raunin ɗungurungum, kashi 15 idan zai sassauta shi kawai.

Faransa ta bi wata hanya. Dokar Badinter ta 5 ga Yuli 1985 ta ce ba a rage diyyar raunin mai tafiya a ƙasa don ɗan kuskurensa, ta kuma ƙara kare yaran da ba su kai shekara 16 ba da tsofaffin da suka wuce 70. Dokar inshora ta CIMA, wadda Nijar ke aiki da ita, ta ɗauko wannan tunani.

Don haka, iyaye da malamai, idan mota ta buge yaro a ƙofar makaranta, kada maganar "ai shi ya faɗo wa titi" ta sa ku yafe haƙƙinsa. A sa jami'an tsaro su rubuta yadda hatsarin ya faru, a karɓi takardar likita, a nemi kamfanin inshorar motar.