ZARE: Daga Madras zuwa Kawo, yadda kori ya shiga tukunyar mutanen Kaduna

1/ Jama'a, akwai wani gari mai ruwan ɗorawa da da wuya ka rasa shi a kicin ɗin gidajen Kaduna, tun daga Unguwar Rimi har Kawo. Kori. Duk mun ɗauka shi ne girkin Indiya. To tarihinsa ba haka ya nuna ba. Ku gyara zama, zaren yana da ɗan tsawo 🧵

2/ Maganar a taƙaice: garin kori na gwangwani Bature ne ya kawo mana shi, ba Ba'indiye ba. Ainihin girkin nama na Indiya kuwa, irin su korma da biriyani da nihari, ya fi wannan garin kusa da tukunyar Bahaushiya. Kusan duk kayan haɗinsa suna nan a Kasuwar Sheikh Gumi.

3/ Bari mu fara kawar da wani zance, wai "ai Indiyawa ba sa cin nama". A binciken cibiyar Pew na 2021, kashi 39 cikin 100 ne suka ce ba sa ci. Sauran fa? Sannan ƙidayar 2011 ta nuna Musulmin Indiya sun kai miliyan 172. Akuya da kaza suna shan wuƙa a can ƙwarai.

4/ Galibin girkin naman da duniya ta sani da sunan na Indiya ya girma ne a fadojin sarakunan Musulmi. A 1526 Babur, mutumin Fargana a ƙasar Uzbekistan ta yau, ya ci yaƙin Panipat ya kafa daular Mugal. Salon dafa nama na Farisa da Asiya ta Tsakiya ya gamu da kayan ƙamshin Indiya.

5/ A ƙarshen ƙarni na 16 Abul Fazl, na hannun daman Sarki Akbar, ya rubuta littafin Ain-i-Akbari. Har ma'aunin girkin fada ya saka. Ga na wani dahuwar nama mai suna dopiyaza: nama kashi 10, man shanu kashi 2, albasa kashi 2, sai gishiri, kanumfari, masoro, kadamon, kumin da koriyanda.

6/ Kun lura da abin da babu? Babu tumatir, babu attaruhu. Waɗannan 'yan nahiyar Amurka ne, Turawan Fotugal suka kai su Indiya bayan Vasco da Gama ya sauka a Kalikut a 1498. Mu ma baƙi ne a wajenmu. Yajin kakanninmu citta ne da masoro da kimba da kanumfari.

7/ Sunayen girkin ma suna tona asalinsu. Korma na nufin a turara nama a cikin mai da kindirmo, a kan wuta kaɗan. Nihari daga kalmar Larabci "nahar" yake, wato rana: ana ɗora shi da dare, naman ƙwauri da ɓargo, ya kwana a wuta, a karya kumallo da shi bayan Asuba.

8/ Wannan bai tuna muku komai ba? Farfesun ƙafar saniya da ake ɗorawa bayan Isha, a wayi gari ya narke, a ci da burodi ko gurasa. Su ma suna da nasu na ƙafafun akuya, sunansa paya. Ba wanda ya koya wa wani. Duk inda ake yanka dabba ba a zubar da ƙafa, nan ake zuwa.

9/ Halim kuma alkama ce da nama da wake-waken su, a dafa a tuƙa har su zama ɗaya. Jikan harisar Larabawa ne, sojojin Hadramaut na ƙasar Yaman da suka yi wa sarakunan Haidarabad aiki ne suka je da ita. Har gobe shi ne abincin buɗa-baki a birnin idan azumi ya kama.

10/ Gargaɗi ɗaya ga masu kwaso girki a intanet: vindalu na Goa ba daga wannan gidan ya fito ba. Asalinsa girkin Fotugal ne na naman alade da aka jiƙa da giya da tafarnuwa. Ana yin sa da kaza ko rago da ruwan khal, amma a san abin da ake kwaikwayo.

11/ Wani abin sha'awa: Ibn Battuta ya yi alƙalanci a Delhi zamanin Sarki Muhammad bin Tugluk, ya kuma siffanta sambusak da ya ci a fada, niƙaƙƙen nama da albasa da kayan ƙamshi a cikin ɓawon fulawa, a soya da man shanu. Samosa ke nan. Shi ne dai ya zo Takedda a 1353, har ya ambaci Gobir.

12/ To ina kori ya fito? A Indiya babu wani girki guda mai suna kori. Kowane da sunansa, kowane da haɗinsa, kuma mai girki kan daka kayanta ne daidai da abin da za ta dafa. Turawa ne suka ɗauki kalmar "kari" ta harshen Tamil suka yafa wa duk wata miya da suka gani.

13/ Ma'aikatan kamfanin East India da suka koma Ingila sun koma da kwaɗayin abincin, amma ba su da kuku, ba su da turmi. A 1747 Hannah Glasse ta saka girkin kori a littafinta. Kafin ƙarnin ya ƙare an fara sayar da haɗaɗɗen gari a shagunan Landan. Gajeriyar hanya ce ta wanda ya yi nisa da kasuwa.

14/ Irin wanda ya fi suna a cikin garin shi ne wanda ake kira na Madras. Ku riƙe sunan nan. A Madras ɗin, wato Chennai ta yau, aka haifi Frederick Lugard a 1858. Ya yi aikin soja a Indiya da Afganistan da Boma kafin ya taka ƙasar Hausa.

15/ Shi ne ya zaɓi wurin da aka kafa Kaduna, kuma a 1917 hedikwatar Arewa ta taso daga Zungeru ta dawo nan. Ofisoshin gwamnati da gidajen Turawa da barikin soja suka zauna a arewacin kogi. Da yawa daga hafsoshin sun saba da zaman Indiya, da al'adunsa suka zo.

16/ Misali biyu da muke gani kullum. Hawan Daba: kalmar daga "darbar" take, zaman fada a Indiya, wanda Turawa suka mayar bikin nuna mulki. An yi wa Sarauniya Elizabeth shi a Kaduna a 1956. Sai wasan folo na Dandalin Murtala, wanda Turawan suka koya a Manipur.

17/ Na uku shi ne kori. A kulob-kulob da gidajen cin abincin hafsoshi na Afirka ta Yamma, al'ada ce ranar Lahadi a ci shinkafa da korin kaza ko rago, a jera ƙananan kwanoni kewaye: ayaba, soyayyiyar gyaɗa, kwakwa, yankakkiyar albasa. A ci a yi nak, a kwanta barcin rana.

18/ Wa ke dafawa? Kuku da boyi, 'yan ƙasa. Hannun da ya saba barbaɗa garin a tukunyar Bature shi ya fita da shi zuwa cikin gari. Manyan kantuna suka sa shi a kanta, ajin koyon girki na makarantun mata ya koyar da shi. A hankali ya zama abokin tayim da Maggi.

19/ Shi ya sa korinmu ba ya da zafi, kuma ba ma yin miyarsa. Rabin cokali ne a tafashen nama, ko a soyayyiyar shinkafa don launi. Launin kuwa na kurkum ne, gangamau ɗin da muka sani. Ƙamshin nan mai ɗan ɗaci-ɗaci hulba ce. Kayan gida ne aka niƙa aka sa wa tambari.

20/ Daga baya mutanenmu da kansu suka je Indiya. A Yaƙin Duniya na Biyu, runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta sauka can a 1943, ta 82 a 1944, suka yi atisaye kafin a wuce da su dajin Boma yaƙar Japan. 'Yan Arewa sun yi yawa a cikinsu.

21/ Alamar tafiyar tana nan a Kawo. Barikin Dalet, mazaunin Runduna ta Ɗaya, sunan wani rafi ne a yankin Arakan inda sojojinmu suka gwabza a 1945. Haka Kalapanzin, haka Chindit na Zariya. Muna wucewa ta gabansu kullum a Keke Napep ba mu san sunayen Boma muke kira ba.

22/ Bayan samun 'yanci kuma sai Indiyawan suka zo da ƙafarsu. Da aka buɗe NDA a Kaduna a Fabrairun 1964, shugabanta na farko Ba'indiye ne, Birgediya M.R. Varma, da tawagar malamansa. Sai a 1969 ɗan ƙasa, David Ejoor, ya karɓa. Tsohuwar NDA ɗin nan dai da ke Barikin Ribadu.

23/ Hafsoshinmu ma sun riƙa zuwa can karo ilimi. Babangida ya je makarantar sojan Indiya a 1964. Obasanjo da Buhari duk sun yi kwalejin hafsoshi ta Wellington a kudancin ƙasar, Buhari a 1973. A ɓangaren jirgin ƙasa, kamfanin RITES na Indiya ya riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982.

24/ Ga 'yan kasuwa irin su Chellarams, 'yan asalin Sindh, da suka fara harka a Najeriya tun 1923. Ga malaman lissafi da kimiyya da suka cika makarantun sakandaren Arewa daga shekarun 1960 zuwa na 1980. Ku tambayi iyayenku, da wuya a rasa wanda Ba'indiye ya koya wa lissafi.

25/ Amma girkinsu a cikin gidajensu ya tsaya. Fim kuwa, tun zamanin Mother India na 1957 har zuwa fassarar Indiya-Hausa ta yau, waƙa da rawa da soyayya ya koya mana. Mun haddace sunayen jarumai kaf, tukunyar ce ba mu leƙa ba.

26/ Ƙofar da ta fi shigo mana da ɗanɗanon ita ce Makka. Alhazai da masu Umara sun ci biriyani a shagunan 'yan Pakistan da Indiya, sun ci sambusa da azumi, sun dawo da tsarabar hail, wato kadamon, da kirfa. Sai YouTube ya ƙarasa aikin. Yau ba a buɗa-baki a Malali babu samosa.

27/ Yanzu ku dubi abin da korma ke buƙata. Gi: man shanu ne da aka soya ruwansa ya ƙone, abin da iyayenmu ke yi da albasa kafin a zuba a tuwo. Dahi: kindirmo. Abin da suke kira motin a kasuwarsu galibi naman akuya ne. Ɗanyar gwanda don nama ya yi laushi, mu ma mun san sirrin gwanda.

28/ Bambancin a hannu yake. Mu tafasa nama muke yi, mu soya, mu jefa a miya. Su ba sa raba nama da romonsa. Ga yadda ake yi da kilo 1 na akuya ko rago: a jiƙa shi da kofi 1 na kindirmo, dakakkiyar citta da tafarnuwa, da gishiri, ya samu kamar awa 2.

29/ Kindirmon Fulani fa, marar sukari, ba yogot ɗin roba mai zaƙi ba. A zuba soyayyen man shanu a tukunya mai kauri, a jefa kanumfari 5, kirfa ɗan sanda ɗaya, kadamon 5, ba a daka ba. Da sun fara ƙamshi sai albasa manya 4, yankan siriri.

30/ Nan ne ake faɗuwa jarrabawa. Albasar sai ta yi ja sosai, kamar minti 20, ana juyawa, ba ta ƙone ba. Ita ce kaurin miyar, ita ce zaƙinta. Sai a juye naman da kindirmonsa, a yi ta juyawa har ruwan ya tsotse, mai ya taso sama. Wannan matakin suke kira buna.

31/ Sannan a sa garin koriyanda da masoro da barkono daidai baki, ruwa kofi ɗaya, a rufe ruf, a rage wuta. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Masu biriyani har liƙe murfin suke yi da kwaɓin fulawa su ɗora garwashi a kai, suna kiransa dam. Mai kurfoti da gawayi ta fi mai gas samun yadda ake so.

32/ Abin da ya sa na damu da zancen: citta. Indiya ce kan gaba a nomanta a duniya, Najeriya na cikin na sahun farko, kuma mafi yawan tamu daga Kachia da Jaba da Kagarko take, nan cikin jiharmu. A buhu muke fitar da ita busasshiya, mu dawo mu sayi niƙaƙƙen haɗi a gwangwani da tsada.

33/ Da cutar citta ta afka wa gonakin Kudancin Kaduna a 2023, kowa ya ji a aljihunsa, daga mai shayi har mai kunun zaki. A lokacin ne da yawa suka fara sanin daga ina take zuwa. Matan da ke haɗa kayan ƙamshi a gida suna sayarwa a Instagram sun gano hanya, a saya a wajensu.

34/ Babbar Sallah in ta zo, kafin a soye ragon nan kaf a zuba a bokiti, a ware kilo ɗaya na kafaɗa a gwada korma, ƙafafun kuma a kwana da su a wuta da citta da kirfa. Kindirmo na wajen 'yar Fulani, man shanu na Kasuwar Kawo ranar Talata.

35/ Nan zan tsaya. Waɗanda suka yi zama da malamai Indiyawa a makaranta, ko iyayensu suka yi aiki a tsohuwar NDA, ku ba mu labarin abin da kuka ci a gidajensu. Wadda ta gwada girkin kuma ta turo hoto mu gani. A tura wa uwargida da amarya.