Filin Hammaguir: Tarihin Gwajin Rokoki a Saharar Aljeriya

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Faransai suka ga Amurka da Rasha sun yi musu nisa wajen ƙera rokoki, ga shi kuwa ƙasarsu ba ta da filin da za a harba makami ya faɗi ba bisa kan mutane ba. Saboda haka a 1947 suka kafa wurin gwaji na soja a Colomb-Béchar, a yammacin Aljeriya, inda hanyar jirgin ƙasa ta iso daga Oran. Da makaman suka ƙara dogon zango sai wurin ya yi kaɗan, aka buɗe wani fili kimanin mil 75 kudu maso yamma, aka kira shi Hammaguir. Sunan nan haɗa shi aka yi daga hamadar kogin Guir. Kalmar hamada kuwa ita ce dai Hausa ta ara daga Larabci, ko da yake a can ma'anarta fili mai duwatsu, ba rairayi ba.

Daga 1952 aka shiga harba rokar Véronique, wadda masana Jamusawa suka sa hannu cikin ƙirarta. A 1961 ta ɗauki ɓera, a 1963 ta ɗauki kyanwa, dukansu suka sauko da rai. Amma lalle ba don ɓera aka kashe dukiyar nan ba. Abin da Janar Digol ke nema shi ne makami mai linzami da zai ɗauki bam ɗin nukiliya, wanda aka fara gwadawa a Reggane, can cikin Sahara, ran 13 ga Fabrairu 1960. Gwaje-gwajen Reggane ɗin ne suka sa gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Ikko a Janairun 1961.

Abin lura shi ne mulkin mallaka ya ƙare amma filin bai tashi ba. Yarjejeniyar Evian ta 1962, wadda ta share hanyar 'yancin Aljeriya, ta bar wa Faransa wuraren gwajinta har shekara biyar. Shugabannin Aljeriya sun gwammace su haƙura da wannan da a ci gaba da yaƙin da ya ci kusan shekara takwas. Cikin wa'adin nan ne, ran 26 ga Nuwamba 1965, rokar Diamant ta ɗaga tauraron ɗan adam Astérix daga Hammaguir, Faransa ta zama ƙasa ta uku da ta yi haka da rokar kanta. Watau a ƙasar wasu, wadda ta riga ta kuɓuce mata, ta sami wannan ɗaukaka.

Ran 1 ga Yuli 1967 aka miƙa filin. Gwajin soja ya koma Biscarrosse a gaɓar tekun Faransa, aikin taurari kuma ya koma Kourou a Amurka ta Kudu. Sai dai akwai wani wuri a yankin, B2-Namous, inda ake gwajin makamai masu guba. Shi kam Faransai sun ci gaba da aiki da shi a asirce, da yardar hukumar Aljeriya, har 1978.