Tarihin bashin noma a ƙasarmu: laifin mai ci ne ko na mai bayarwa?

 Yau za mu koma baya, mu duba tarihin bashi a karkarar Nijar. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To amma idan bashi ya fi ƙarfin mutum, wa za a tuhuma? Wanda ya karɓa ko wanda ya miƙa?

Tun kafin a san banki, mutane suna cin bashi. Idan damana ta yi nisa, rumbu ya ƙare, manomi yakan je wurin mai hali ya karɓi damen hatsi, da alkawarin zai biya da kaka. Sau da yawa dame ɗaya yakan koma biyu. Wani kuma yakan ba da gonarsa jingina. Mai ba da bashin ya san wanda yake ba, ya san gonarsa da yawan iyalinsa. Saboda haka ba ya cewa bai sani ba.

Da Turawan Faransa suka zo, sun kafa ƙungiyoyin tanadi a ƙasashen Afirka ta Yamma tun daga 1910. Shiga cikinsu dole ne, ana biyan kuɗinsu tare da lampo. Suna ba da iri da bazara, a mayar da kaka da ƙari a kai. Ba a tambayi manomi ra'ayinsa ba. Shi ya sa da yawa suka ɗauki bashin hukuma tamkar wani lampo, abin da ake guje wa in an samu hanya. Wannan ra'ayi ya daɗe a zukatan mutane.

Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa UNCC a 1962, domin ta kula da bashi da ƙungiyoyin manoma. A shekarar nan aka kafa SONARA, mai sayen gyaɗa ta kai waje. A 1967 aka buɗe bankin manoma, CNCA. Lokacin gyaɗa ce babbar dukiyar ƙasa, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Wajen 1966 UNCC ta fito da wata dabara da ta cancanci mu tsaya a kanta. Aka ce gari duka shi ne zai tsaya wa mai cin bashi. Ga yadda abin yake. Manoma suna kawo gyaɗarsu kasuwar ƙungiya, mutanen gari da kansu suke awo a sikeli, suke rubutawa. Bayan an rufe kasuwa, akwai rarar kuɗi da ake mayar wa gari. Idan wani bai biya bashinsa ba, sai a cire daga wannan rara. Ke nan kowa ya yi asara saboda mutum ɗaya. Don haka kafin a rubuta sunan wani, sai dattawa su zauna su ce: wane yana iyawa, wane kam a rage masa. Mutanen gari sun fi kowane ma'aikaci sanin wa ke noma, wa ke yawon kasuwa. A nan ma aikin yaƙi da jahilci ya samu ƙarfi, domin sai da masu iya rubutu da lissafi da Hausa kasuwar take tafiya.

Amma dabarar tana da rauni. Duk ginin a kan gyaɗa yake. Fari ya fara tun 1968, ya yi tsanani a 1973. A 1975 kuma darɓa da cutar da take kawowa suka halaka gyaɗa. Manoma suka koma hatsi da wake. Babu gyaɗa, babu rara. Babu rara, babu abin da za a riƙe.

Sai kuɗin uraniyom suka shigo a zamanin Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki a 1974. Ƙasashen waje da Bankin Duniya su ma suka kawo kuɗi. Aka buɗe manyan ayyukan raya karkara a Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso da Yamai. Ana ɗaukar saurayi da matarsa, a kai su cibiyar koyon noma su yi damana guda. Idan sun gama, sai a ba su shanun noma biyu, da garma, da amalanke, da takin zamani, duk bashi, a biya cikin ƴan shekaru.

Ku ɗauki alli mu yi lissafi, misali kawai. A ce kayan sun kai jika 200, a biya cikin shekara 4. Kowace shekara jika 50 ke nan, ban da ruwan kuɗin. Yanzu ku tambayi kanku: gonar da ba ta cika rumbun gida ba, ina za ta fitar da jika 50 kowace kaka? Ga shanu suna son harawa da dusa har rani ya fita. Idan sa ɗaya ya mutu, garma ta kwanta, amma bashi bai kwanta ba.

A ganina, a nan masu ba da bashi suka yi babban kuskure. Sun ba kowa kaya iri ɗaya, mai babbar gona da mai ƙarama. Sun yi lissafinsu da shekarar albarka, alhali ƙasarmu ba ta jera shekarun albarka. An fi ƙidaya yawan garmar da aka raba a kan yawan wadda aka biya. Shi kuwa manomi, takardar da ya dangwala wa yatsa da Faransanci take, bai san abin da ke ciki ba. Hukuma da kanta ta gane akwai gyara, domin a taron da aka yi a Damagaram a 1982 an soki yadda ake tsara aiki daga ofis ba tare da shawarar mutanen karkara ba.

To, kada mu wanke masu cin bashi sarai. Akwai wanda ya karɓi shanu ya sayar, ya yi aure ko ya yi biki. Akwai wanda ya kai takin kasuwa tun bai buɗe buhun ba. Akwai wanda yake da halin biya, amma ya ce kuɗin gwamnati ne, ba na kowa ba. Wannan ba rashi ba ne, cin amana ne, kuma maƙwabcinsa mai gaskiya ya cuta, domin garin da bai biya ba akan hana shi sabon bashi.

Farin 1984 ya ƙarasa abin. Dabbobi suka mutu, waɗanda suka rage aka sayar da su da araha don a sayi hatsi. A shekarar nan kuma Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai 1986, ciniki ya tsaya. Aka rushe UNCC. CNCA ta durƙushe kafin shekarun 1980 su ƙare. Kada kuma ku zaci talaka kaɗai ne bai biya ba. BDRN, bankin raya ƙasa, an rufe shi a 1990, kuma manyan basusukan da suka kayar da shi na masu hannu da shuni ne, waɗanda aka ba don sanayya.

Addini ma bai ɗora nauyin a kan mutum ɗaya ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, maganar bashi take: a rubuta shi, a sa shaidu. Kusa da ita an umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin matsi.

A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari a jihar Maraɗi, mai suna Mata Masu Dubara. Ya yi kama da adashin da iyayenmu mata suka sani. Mata suna taruwa kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yanke cikin asusu. Daga nan suke ba junansu rance kaɗan kaɗan, na ɗan lokaci, a gaban kowa. Kuɗin nasu ne, ba na waje ba, don haka mai bayarwa tana dubawa da kyau, mai karɓa kuma ta san na ƴar uwarta ne. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka.

Kafin zama mai zuwa, kowa ya rubuta a littafinsa bashin da ake bin sa, da ranar biya, da damen da yake sa ran samu da kaka. Ku kawo wa malaminku ku yi lissafin tare. Sai wani mako, in Allah ya kai mu.